Rijiyar Alhaji da Robar Yogot

Ƙanena ya yi shekara biyu yana aiki a wani ƙaramin kamfanin yogot a garinmu, shi ke rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Wani dare cikin azumi, bayan an idar da asham, ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a gefen tabarma ya yi jugum. Can ya ce, "Yaya, albashin nan nawa halal ne kuwa?"

Ashe janareto ne ya lalace ranar Juma'a, wuta babu, ga zafin Afrilu. Kayan da aka haɗa suka kwana biyu a ɗakin sanyi, alhali sanyin ya daɗe da ƙarewa. Da aka buɗe, wasu robobin har sun kumbura. Manaja ya sa aka ware masu kumburin, sauran aka goge su, aka sake buga musu kwanan wata, aka loda wa masu keke suka bazu cikin gari dab da shan ruwa. Ƙanena ne ya shigar da su littafi a matsayin sabon kaya. A makon nan dai mai kamfanin ya buɗe rijiyar burtsatse a bakin masallacin unguwa. Aka raba wa marayu shinkafa, malami ya yi addu'a, aka ɗauki hoto.

Na san Alhajin, kuma ba mugun mutum ba ne. Rijiyar ma ta gaske ce, matan unguwa sun huta da sayen jarka wajen 'yan garuwa. Da a ce marowaci ne mai baƙin hali, da ban kwana ina juya tambayar ba.

Masana kasuwanci suna yawan magana a kan haƙƙin da al'umma ke da shi a wuyan kamfani. In ka duba yadda ake sauke shi a wajenmu, za ka ga rijiya, ajin makaranta, kofin ƙwallo, buhunan azumi. Duka a wajen katangar masana'anta suke, inda ido ke gani. Ni kuwa ina ganin mai sayar da abin ci, haƙƙinsa na farko yana cikin robar da ya liƙe.

Akwai hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta kusa da tsibin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a tuhume shi a kan ruwan saman ba. Abin da aka tambaye shi shi ne me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama kowa ya gani, sannan aka yi masa kakkausan gargaɗi a kan algus. Janareton Alhaji ruwan sama ne, ƙaddara ce, tana iya faɗa wa kowa. Laifin ya fara ne daga inda aka ɗauko tambarin kwanan wata. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure ta jera waɗannan a babin ciniki: ɓoye aibin haja da cakuɗa marar kyau da mai kyau duk ba su halatta ba.

Sai dai a waccan kasuwar ana iya cusa hannu. Ko a yarintarmu, Bafullatana za ta sauke ƙwaryar nono a tsakar gida, Inna ta ɗiba a ludayi ta ɗanɗana, in ta ji an tsirwa masa ruwa ta faɗa mata a ido, gobe kuma ita ce dai za ta dawo. Yau abin a liƙe yake. Mai saye ba ya gani, ba ya shinshinawa, sai ya biya ya kai baki. Duk amanar ta koma wuyan wanda ya liƙe. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke tsaye a matsayin mai cusa hannun, amma jami'inta rana ɗaya yake zuwa, janareto kuwa ba ya duba kalanda kafin ya mutu.

A 2008 ƙasar Sin ta ga inda wannan hanya ke ɓullewa. Masu tara madara suna ƙara mata ruwa, tsohon ha'incin nan da aka sani tun zamanin Sayyidina Umar. Don kada awo ya tona asiri, sai suka riƙa zuba wani sinadari mai suna melamin, wanda ke sa na'ura ta nuna kamar madarar cike take da sinadarin gina jiki. Ya shiga garin madarar jarirai na kamfanin Sanlu da wasu kamfanonin. Jarirai shida suka mutu, kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manyan kamfanin Sanlu sun tabbatar da matsalar tun farkon Agusta, ana shirin wasannin Olamfik a Beijin, amma jama'a ba su ji ba sai a Satumba. A cikin makonnin nan iyaye mata suna ta dama wa 'ya'yansu.

An yanke wa shugabar kamfanin ɗaurin rai da rai, an kashe mutum biyu a 2009. Amma mutum nawa ne suka sani suka yi shiru? Nan ne kamfani ya bambanta da mai tsibin hatsi. Aikin a rarrabe yake: wani ya goge roba, wani ya buga kwanan wata, wani ya rubuta, wani ya tura keke, wani can a ofis ya ƙirga riba bai ma leƙa sito ba. Kowa cewa yake ni dai sa ni aka yi. Sai laifin ya zama kamar ba shi da mai shi. To amma kamfani ba shi da kabari. Ba a taɓa yi wa takardar rajista tambaya ba, mutane ake tambaya, kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Wani abokina ya ce ina tsanantawa. Ya ce ka san kuɗin dizal? In Alhaji ya zubar da kayan nan, albashin mutum ashirin ne ya bi kwata. Gaskiyarsa, asarar ba ƙarama ba ce. Sai dai da aka ƙi zubarwa ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya. Ta tashi daga littafin Alhaji ta koma cikin yaron da ya kwana yana gudawa, da aljihun ubansa a kemis, ba tare da an nemi yardarsu ba. Mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami da ake haɗa lemo da shi ya cika asibitoci, har aka rasa rayuka.

Malamai sun raba haƙƙi gida biyu, na Allah da na bayinsa. Na biyun ba ya faɗuwa sai an biya mai shi ko ya yafe. Ladan rijiya tsakanin Alhaji ne da Ubangijinsa, ban isa in auna shi ba. Amma ruwanta ba ya kai wa ga yaron can na wata unguwa, wanda bai ma san an cuce shi ba balle a nemi yafiyarsa.

Na ce wa ƙanena batun albashi ya kai wa malamin da ya fi ni sani, amma layin nan da ya rubuta shaidar zur ce, kuma da hannunsa ya rubuta. Da abin ya sake faruwa bayan babbar salla, ya ƙi ɗaukar biro. Manaja ya rubuta da kansa, kayan suka fita. Wata biyu bayan haka aka ce an rage ma'aikata, sunansa na ciki.

Roƙona ga malamanmu, Allah ya gafarta muku: duk ranar da mai kamfanin abinci ya turo mota a zo a yi addu'ar buɗe rijiya, ku nemi a fara bi da ku ta sito.