Hunturu Tsakanin Ƙaddara da Shiri

Hunturu yakan sauka a yammacin Zamfara daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙura. A Anka da Gummi da Bukkuyum hazo kan rufe rana, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, tari da mura su addabi yara da tsofaffi. Ɗarin nan bai kai na ƙasashen ƙanƙara ba, amma yana kwantar da mutane. Tambayar ita ce, wahalar nan duk ƙaddara ce, ko da hannun ɗan Adam a ciki?

Halin wasu ƙasashe yana haska amsar. A Kanada an saba da ƙanƙara, don haka gidaje na riƙe ɗumi, motocin share hanya kuma na nan a shirye. Jihar Texas ta Amurka kuwa ƙasar zafi ce. Da sanyi mai tsanani ya afka mata a Fabrairun 2021, miliyoyin mutane suka rasa wutar lantarki, fiye da 200 suka rasu. Ashe yawan ɓarna ya fi danganta da ƙarancin shiri.

Haka abin yake a Zamfara. Soron ƙasa mai kaurin bango yana shan zafin rana ya sake shi da dare, rufin kwano kuwa da faɗuwar rana yake hucewa. Mai ɗakin kwano sai ya shigar da kaskon garwashi ya rufe ƙofa da taga, alhali iskar da gawayi ke fitarwa tana kisa cikin barci, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya cinye danga da rumbu.

Musulunci bai ɗauki tawakkali a matsayin naɗe hannu ba. Hadisi ya yi wa mai cika alwala cikin wahala bushara da ɗaukakar daraja, amma shari'a ba ta nemi kowa ya cuci kansa ba. Sahabi Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi don tsoron halaka, Annabi (SAW) bai hana ba. Malaman Malikiyya ma sun halatta taimama ga mai tsoron ruwa zai sa masa ciwo.

Sai dai ba kowa ke da halin shiri ba. Almajirin da ke kwana a zaure, da iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suka fake a garin Anka, ɗari yana samunsu ba bargo ba rufi. Nauyinsu yana wuyan al'umma. Zakkar gero da dawa ana fitar da ita da kaka, dab da shigowar hunturu, don haka jinkirta ta tauye haƙƙi ne a lokacin da aka fi bukatarsa. Saukar sanyi hukuncin Allah ne, amma barin maƙwabci ya kwana cikinsa aikin mutane ne, kuma za a tambaye su.