Maficin Kasuwa da Makin Aikin Hannu

Akwai wani abu da ya faru da ni a makarantar firamare wanda na daɗe ina ɗaukarsa abin dariya, sai da na shigo jami'a sannan ya fara hana ni sakat. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in shimfiɗa wa 'yan uwana ɗalibai wannan al'amari mu duba shi tare, domin na tabbata da wuya a sami wanda ya yi firamare a ƙasar nan da bai taɓa aikata irinsa ba, ko kuwa bai ga an aikata a gabansa ba.

A shekarar 2013 ina aji biyar a makarantar garinmu. A jadawalin darussa da ke manne a bangon aji, ranar Laraba bayan an dawo daga tara lokacin aikin hannu ne, amma a zahiri shara muke yi, ko mu zauna monita yana rubuta sunayen masu surutu. Sai jarrabawa ta rage saura mako biyu Malam yakan tuna, ya ce kowa ya kawo aikin hannunsa: maza mafici ko igiya ko tsintsiya, mata faifai ko ɗan ɗinki. Maki 20 aka ware wa abin.

Akwai wani yaro da muke zama benci ɗaya. Shi dai da ya ji umurnin Malam sai ya tafi bayan gari ya yanko kaba, ya shanya, ya jiƙa, ya tsattsaga, sannan ya zauna kusa da kakansa yamma huɗu yana koyon saƙa, har kaba ta yayyanka masa yatsu. Maficin da ya fito da shi gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, mariƙinsa kuma yana rawa. Ni kuwa ban ko tuna da zancen ba sai ranar kasuwa, na karɓi naira 50 wurin mahaifiyata, na je wajen 'yan tabarma na sayo wani mafici da aka rina da galura ja da kore, bakinsa a kalmashe tsaf.

Da ranar ta zo, Malam ya ɗauki nawa ya jujjuya, ya yi fifita da shi, ya ce, "Kai ka saƙa wannan?" Na ce, "I, Malam." Aji ya kwashe da dariya, shi ma Malam ya yi murmushi, ya rubuta 18. Da ya zo kan na abokina sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan mafici ne ko kunnen jaki?" Aka sake dariya, ya rubuta 9. Bayan an tashi aka kwashe masu kyau zuwa ofis, aka bar sauran a bayan aji gara ta ci.

To, ga tambayar da nake so mu tattauna. Shin na yi laifi, alhali kuwa babu wanda na ruɗa? Malam ya san sayowa na yi, 'yan aji sun sani, mahaifiyata ita ce ma ta ba da kuɗin. In har kowa ya san gaskiyar magana, ana iya kiran abin da na faɗa ƙarya?

Na sha kawo wa kaina hanzari iri uku. Na farko shi ne wanda na ambata, watau ƙarya tana bukatar wanda za a yaudara, a nan kuwa babu shi. Na biyu, yaro ɗan shekara 11 ba shi da ma'aunin da ya wuce na manyansa, abin da suka karɓa shi ne daidai a wurinsa. Na uku kuwa ya fi su wayo: duniya ai haka take tafiya, kowa da sana'arsa. Likita ba ya saƙa tabarmar da yake zama a kai, saya yake yi, ba wanda kuma ya zarge shi. Hasali ma naira 50 ɗin nan ta shiga aljihun wani tsoho mai neman abin cefane. Ina aibin wannan?

Kafin mu auna waɗannan hanzarori ya kamata mu fara sanin dalilin da ya sa aka shigar da aikin hannu cikin makaranta tun farko, domin ba sabon abu ba ne. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya haɗa da sashen koyar da sana'o'i irin su dukanci da ƙira da kafinta. Tun kafin wannan, a ƙasar Amurka, wani masanin falsafa mai suna John Dewey ya kafa wata makarantar gwaji a Jami'ar Shikago cikin 1896, inda yara suke girki da saƙa da aikin katako da lambu, daga nan ake jawo su zuwa lissafi da tarihi da kimiyya, saboda a ganinsa yaro ya fi riƙe abin da ya aikata da kansa a kan abin da aka faɗa masa kawai. A Tanzaniya kuma, cikin 1967, Julius Nyerere ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai, wadda ta sa makarantu suka riƙa yin gonakinsu. A nan gida Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sa horar da hannun yaro cikin manufofin ilimin firamare, ta kuma kawo tsarin auna ƙwazon ɗalibi a kai a kai, maimakon a dogara ga jarrabawa guda ta ƙarshe.

Duk waɗannan mutane, da bambancin ƙasashensu da manufofinsu, sun haɗu a kan abu ɗaya, watau yaron ake nufi da gyara, kayan da ya ƙera shaida ce kawai. A nan ne hanzari na uku ya rushe. Ayyuka iri biyu ne a duniya. Akwai aikin da ake so saboda abin da yake samarwa, kamar ɗinkin riga ko ginin ɗaki. Wannan kana iya biyan wani ya yi maka, bukata ta biya. Akwai kuma aikin da ake so saboda abin da yake mayar da mai yinsa, kamar motsa jiki, ko haddar karatu, ko koyon tuƙin keke. Wannan ba a yin sa da wakili. Ba mai hankalin da zai ɗauki ɗan ƙwadago ya sha masa magani, sannan ya zauna yana jiran sauƙi. Likita da ya sayi tabarma, tabarma yake so, ya kuwa samu. Makaranta da ta ce in saƙa mafici ba zafi ne ya dame ta ba. So take in koyi lissafin zare bisa zare, in san cewa in na ja gefe ɗaya da ƙarfi ɗayan zai karkace, in warware in sake, in ɗanɗani haƙurin da aiki yake bukata, in kuma daina raina mai sana'ar hannu. Na kai mafici, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan ban kai ba.

Sai hanzari na farko, mai cewa ba wanda aka yaudara. A nawa ɗan tunanin, kuskurensa shi ne ɗaukar maki tamkar farashin kaya. Maki shaida ce da malami yake bayarwa a kan yaro ga mutanen da ba su cikin aji. Wannan 18 ba ta tsaya a kan teburin Malam ba. An tara ta da sauran makuna, ta shiga takardar sakamako, ta ɗaga ni sama da waɗansu a jerin aji, mahaifina ya gani ya sa mini albarka. Takardar tana cewa, "Wannan yaro ya iya," alhali kuwa ban iya ba. Ashe akwai wanda aka yi wa ƙarya, sai dai ni da Malam muka haɗu muka yi ta tare. Kuma sanin da kowa ya yi bai rage mata komai ba, ƙara mata muni ya yi. Ƙaryar da ake ɓoyewa tana nuna cewa har yanzu ana jin kunyar gaskiya. Wadda ake yi a fili ana dariya kuwa, alama ce an daina jin kunyar.

Amma babbar ɓarnar ba a kan takarda ta tsaya ba. Da zango na gaba ya zo, abokina bai je yankan kaba ba. Tare muka tafi kasuwa, ni ne ma na nuna masa rumfar tsohon, ya kuwa sami 17. Wannan shi ne abin da yake damuna har yau. Yaron nan ya shigo da gaskiyarsa da yatsunsa masu rauni, aji ya koya masa cewa wahala wauta ce, kuma mai gaskiya shi ake yi wa dariya. Ba a rubuta wannan darasi a allo ba, ba ya cikin manhaja, amma ya fi duk abin da aka koya mana a shekarar zama a zuciya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai ba su ce kullum wajen da ya dace ake tanƙwarawa ba.

Saura hanzari na biyu, watau yarinta. Wannan kam yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɗora wa yaro ɗan shekara 11 nauyin babba ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai ina tuna cewa lokacin da na ce "I, Malam" ban iya duban wajen da abokina yake ba. Wanda bai san ya yi ba daidai ba, ba ya sunkuyar da kai. Saboda haka yarinta ta rage mini laifi, amma ba ta wanke ni ba.

Shi ma Malam ya kamata a yi masa adalci. Mun haura 80 a ajinmu, babu ɗakin sana'a, babu ko wuƙa ɗaya ta makaranta, shi kansa kuma ba wanda ya koya masa saƙa balle ya koya mana. Wannan matsala tana da tarihi. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E., a watan Satumba na 1976, yaran da suka fito sun zarce adadin da aka yi wa tanadi, aka shiga neman malamai da azuzuwa cikin gaggawa. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da burin koyar da sana'a, shirin U.B.E. da aka ƙaddamar a Sakkwato cikin 1999 ya sake ɗaukar alkawari, amma ni dai a ajinmu na 2013 abin da ya iso gare mu suna ne kawai a jadawali. Duk da haka, akwai abin da bai bukaci kasafin kuɗi ba. Rashin kayan aiki ya hana Malam koyarwa, amma ba shi ya tilasta masa ba mai saye 18 ya ba mai saƙa 9 ba, ba shi kuma ya sa masa maganar kunnen jaki a baki ba.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan dogon bayani a kan maficin naira 50? Abin da ya tono mini shi ke nan. Kwanakin baya, da muka fara maganar kundin kammala digiri, wani ya ja ni gefe ya ce akwai mai rubutawa, babi biyar cif, ga kuɗinsa, ba sai na je ƙauye ina bin tsofaffi da tambayoyi ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ban ji maganar baƙuwa ba. Hanzarorin nan uku suka taso mini ɗaya bayan ɗaya, kamar tsofaffin abokai: kowa yana yi, ba ni na kawo tsarin ba, mai rubutawar ma abinci yake nema. Tun 1999 akwai dokar ƙasa mai hukunta maguɗin jarrabawa, amma doka takan tarar da mutum ne bayan hali ya riga ya ƙafu, halin kuwa a aji biyar ake dasa shi. Wanda ya sayi mafici ya ci maki, gobe zai sayi kundi ya ci digiri, jibi a ba shi aji, ko asibiti, ko ginin gada. A nan ne za a gane cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai dai kash, waɗansu ne za su biya kuɗin ganewar.

Da yawa daga cikinmu, mu ɗaliban Hausa, aji za mu koma mu koyar, saboda haka gyaran yana hannunmu. Shawarata ita ce a riƙa yin aikin a cikin aji, a gaban malami, ko da kara ne da yumɓu, waɗanda ba sai an saya ba. A raba makin bisa matakai: tara kaya, fara aiki, gyara kuskure, kammalawa. A sa yaro ya yi bayanin yadda ya yi da bakinsa, domin wanda ya sayo ba ya wuce tambaya biyu. In malami bai iya ba, ba abin kunya ba ne ya gayyato masaƙi ko maginiyar tukwane daga cikin gari su nuna wa yara, shi ma ya zauna ya koya. In kuwa duk wannan ya gagara, to, a bar gurbin makin ba komai, ya fi a cika shi da shaidar zur.

Daga ƙarshe, ni dai ban karɓi tayin mai kundin ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, sai da na kwana biyu ina jujjuya maganar. Da na je gida hutu na nemi kaba, na zauna wurin wani dattijo a unguwarmu kwana uku. Maficin da na saƙa ya fi na abokina karkacewa, yana nan rataye a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, abokai suna yi mini tsiya da shi. Shi kuwa abokin nawa mun rabu tun bayan firamare, ban taɓa ba shi haƙuri ba. In Allah Ya sa wannan mujalla ta faɗa hannunsa, ina so ya sani cewa a ranar nan shi ya cancanci 18, ni kuwa ko 9 ɗin ban cancanta ba.