Gyara Ko Tarawa? Tunani A Kan Tsofaffin Injinan Shara

A hutun da ya wuce na sayi wani tsohon injin shara a wajen 'yan gwanjo, irin ƙaramin nan da ake riƙewa da hannu yana zuƙe ƙura da wutar lantarki. Ko motsi ba ya yi, kuɗin kuwa daga na abincina na cire. Da abokin ɗakina ya gan shi sai ya ce, "Malam, ɗakin da tsintsiya ɗaya ta ishe shi, me za ka yi da gawar inji?" Na yi dariya, amma tambayar ta kwana da ni. Shin ɓata kuɗi da lokaci a kan abin da ba ka bukata hali ne na kirki, ko kuwa kwaɗayi ne ya sake riga?

Bari mu fara da asalin abin. A 1901 Hubert Cecil Booth ya ƙera injin zuƙe ƙura a Ingila, amma don girmansa doki ke jan sa, a tsaya a ƙofar gida a zura mesa ta taga. A 1907 James Murray Spangler, wani mai shara a kanti a garin Canton na Amurka, wanda ƙura ke tayar wa asma, ya haɗa fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya sami injin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. A 1908 ya sayar da haƙƙin ƙirar ga William Hoover, mai sana'ar kayan fata. A yau a Amurka da Ingila akwai masu bin kasuwannin gwanjo suna neman tsofaffin Hoover da Electrolux da Kirby, su gyara su jera a gida.

Hujjar abokina tana da ƙarfi. An yi inji ne domin aiki. Wanda ya tara talatin alhali ɗaya ya ishe shi, lalle ya tsare ashirin da tara daga aikinsu, kuma bai bambanta da mai cika rumbu yana kallo ba.

Amma da na kwance nawa sai na ga wani abu. Sukurori ne kawai suka riƙe shi, watau maƙerinsa ya san wata rana wani zai buɗe. Ciwon nasa ɗan gawayin nan ne da ke goga cikin motar ya cinye. Wani mai gyaran rediyo ya sake mini shi, ya kuma gargaɗe ni cewa an yi injin don wutar Amurka mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifoma. Kwatanta wannan da kayan yanzu da ake liƙewa da gam, in sun tsaya sai juji. Ba kullum ne hakan ke zama tsautsayi ba. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki sun haɗa baki suka rage kwanan ƙwai zuwa awa 1,000, har ta kai a 2015 Faransa ta mai da gajarta kwanan kaya da gangan laifi. Ashe tsohon injin da ya tashi shaida ne cewa ana iya ƙera abu mai ƙarko. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, a ganina mutum biyu ne ke shiga riga ɗaya. Mai gyara sani yake nema, kuma yana girmama gumin wanda ya ƙera. Mai tarawa mallaka yake nema. Ma'aunin da ke raba su kuwa shi ne: in injin ya tashi, za ka iya miƙa shi ga mai bukata?

Mai karatu, a nan ne na kama kaina. Na yi wa gwaggona alkawarinsa, domin tana da kafet kuma ƙura na damun ƙirjinta. Yau mako uku ke nan yana aiki, yana kan teburina, kullum ina cewa sai gobe. Ranar Juma'a zan kai mata, in Allah ya yarda. In kun gan shi a ɗakina ranar Asabar, to, abokina ne ya yi gaskiya.