Wa Ke Riƙe da Amanar Teku?

Ruwan teku ba ya tsayawa a iyakar ƙasa, shi ya sa ɗaukar alhakin lalacewarsa ke da wuyar sha'ani. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, sai ruwan ya ƙara tsami, ɓawon ƙananan halittu ya yi rauni. A Tekun Baltik, wanda ƙasashe tara ke kewaye da shi, takin gonaki kan kwarara ya hayayyafa gansakuka. Idan ta ruɓe sai ta cinye oksijin, kifaye su ƙaurace wa ƙasan ruwa.

A fiƙihun Musulunci akwai farillar kifaya, wato aikin da idan wasu suka yi ya sauka daga wuyan kowa, idan aka bar shi kowa ya ɗauki zunubi. Auna lafiyar teku ya yi kama da wannan, sai dai ƙasa ɗaya ba ta isa ta sauke shi ba. Saboda haka ƙasashen Baltik suka ƙulla Yarjejeniyar Helsinki a 1974, suna awo bisa ƙa'ida ɗaya, suna musayar sakamako. Ɓoye awo cin amanar maƙwabci ne.