Ɗigo a Cikin Teku: Jayayyar Yunanawa kan Cuɗanya da Girma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Yake fitar da nama da ƙashi daga abinci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai karatu, masana falsafar Yunan sun daɗe suna jayayya kan wata tambaya: in an zuba abu a cikin abu, ina na farkon ya tafi? Anaksagoras ya ga mutum na cin gurasa, gashi na tsirowa, ƙashi na ƙarfi, sai ya ce lalle akwai rabon kowane abu a cikin kowane abu. Dimokiradis kuwa ya ce ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa suke jeruwa kusa da juna, ido ne ya kasa gani.

Aristotal, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, bai yarda ba. A wurinsa wannan tari ne kawai, irin na alkama da sha'ir, mai kaifin ido zai tsince su. Cuɗanya ta gaskiya sai abubuwan biyu sun karya ƙarfin juna, sun zama abu guda da kowane sashensa yake daidai da sauran, asalinsu na nan a kwance. In kuwa ɗaya ya rinjayi ɗaya da nisa, babu cuɗanya: ɗigon giya a ruwa mai ɗimbin yawa ya zama ruwa. Da giya suke misali domin al'adarsu ce surka ta da ruwa, Allah Ya tsare mu. Ɗalibin fiƙihu zai tuna maganar malamanmu Malikiyya kan ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba, ko da yake su hukunci suke nema.

Sai Kirisifus, shugaba na uku na Ruwaƙiyyawa, masu karatu a wani shirayi a Atina, ya ce ɗigon nan bai mutu ba, yana iya miƙewa ya game teku duka, yana nan giyarsa. Hujjarsu ƙarfe a wuta, da zafi ke ratsa ko'ina nasa alhali yana nan ƙarfe. Suka kuma ce soso mai maiƙo yana raba ruwa da giya bayan an surka.

Me ya kai mai hankali ga wannan? A ganina aƙida ce ta ja shi. Sun riga sun ce babu abin da ke aiki sai jiki, don haka rai jiki ne, abin bautarsu ma wani numfashi ne mai zafi da ya ratsa duniya. Tsarki ya tabbata ga Allah daga haka. Wanda ya faɗi wannan dole ya halatta jiki ya shiga jiki, in ba haka ba gininsa ya rushe.

Iskandar na Afrodisiya, malamin mazhabar Aristotal a Atina wajen shekara 200 Miladiyya, ya gane nan lagonsu yake. Ya rubuta littafi kan cuɗanya da girma, ya ce jiki biyu ba sa zama a gurbi guda. Da aka kawo hujja da abinci, cewa ai yana isa kowane sashe na yaro, sai ya amsa da rarrabewar Aristotal: abin da aka gina jiki da shi yana shigowa yana fita, siffa ce take dawwama tana faɗaɗa. Abinci yana rikiɗa ya zama nama, sannan ya ƙaru a kan naman da ke nan.

Maganar ba ta ƙare da su ba. An mayar da littafin da Aristotal ya tattauna wannan batu a cikinsa Larabci a zamanin Abbasiyawa, Ibn Rushd ya yi masa sharhi, kuma a Basra an sami Nazzamu, ɗan Mu'utazila, yana cewa jikkuna na shiga juna, wuta tana ɓoye a cikin itace tun kafin a kunna shi.