Sifika a Cikin Bango: Kunnen Wa Ka Ara?

Mai karatu, in dai kana bin littattafan soyayya na marubutanmu, ko finafinan da ake ɗauka a gidajen masu hannu da shuni, na san ka sha cin karo da wannan falon: kujeru na alfarma, sanyin na'ura, ƙamshin turaren wuta, sannan ga wani sanyayyen kiɗa yana tashi a hankali, amma ba ka ga rediyo ba, ba ka ga kaset ba. A da, wannan sai a littafi. Yanzu kuwa abin ya zama gaske. A sababbin gine-ginen Kano da Katsina da Abuja, tun kafin a yi filasta ake kiran mai wayarin ya binne bututu a bango, ya ja waya daga kowane ɗaki zuwa wuri guda inda za a ajiye amfilifaya, sannan a huda bango ko silin a dasa sifika, a rufe ta da raga, a shafe ragar da fenti irin na ɗakin. Maigida yana kishingiɗe zai danna wayarsa, gida duka ya ɗauki sauti.

Abin da birni ya yi yau, ƙauye zai gwada gobe, musamman yanzu da sola da batir suka rage wa mutane jiran wutar lantarki. Ɗan garin da ya samu a Legas ko Abuja in ya tashi gina gida a mahaifarsa, irin abin da ya gani can yake son ya kawo. Shi ya sa nake son mu ɗauki wannan kwalliya mu kai ta har Mabai, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, mu auna ta a can. Tambayata guda ce: shin mutum yana da ikon ya cika gidansa da sauti don kawai gidan nasa ne?

Amsar da za ta fara zuwa bakinka ita ce, "To da fa? Kuɗina ne, gidana ne." Ban ƙi ta taka ba. Amma ka lura da yadda Allah Ya yi mu. Ido yana da murfi. Abin da ba ka son gani sai ka runtse, ko ka kau da kai. Baki yana da leɓe. Kunne kuwa a buɗe yake dare da rana, ko barci kake yi yana bakin aikinsa. Saboda haka duk wanda ya kunna sauti a inda wani yake, ya ari kunnen wannan mutumin ne, ko ya tambaye shi ko bai tambaya ba. Fentin da ka zaɓa wa falonka, wanda bai so ba zai iya ƙin kallo. Waƙar da ka zaɓa wa gidanka kuwa, kowa sai ya sha.

Bari in ɗan taɓa yadda abin yake aiki, domin a nan matsalar ta fara. Sifika takarda ce mai kaɗawa gaba da baya, kuma kamar yadda take tura sauti gabanta haka take tura shi bayanta. Sifikar da muka saba da ita tana cikin akwati, akwatin ne yake tare na bayan. Ta cikin bango kuwa an ƙera ta ne don irin gidajen Amurka, inda bangon ɗaki katako ne da allo, tsakiyarsa fanko, wato bangon shi ne akwatin. Mu namu bulo ne da siminti, ko tubali da ƙasa. Don haka masu aikin sun fi son su dasa ta a silin. To, a yawancin gine-ginenmu na jere, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki a silin yake tsayawa, bai kai ga kwano ba. Saman duka a haɗe yake. Ka ga ke nan waƙar da ka kunna a turakarka za ta bi ta sama ta sauka a ɗakin da ke kusa, kuma abin da ya fi ratsawa shi ne dukan gangar nan mai nauyi, wanda ba ka jin baitin sai dai gif-gif a ƙirji. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan kuwa da kuɗinka ka biya aka tsaga shi.

Kada ka ɗauka sifika a jikin bango baƙuwa ce a ƙasar Hausa. A 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan rediyon waya a Kano, irin wanda suka riga suka kafa a Legas, daga baya ya bazu zuwa wasu biranen Arewa. Yadda yake shi ne, a ja waya daga tasha zuwa gidan wanda ya biya kuɗin haya, a kafa masa akwati mai sifika. Wasu akwatunan kuma a kafa su a wuraren taruwar jama'a. Akwatin ba shi da abin murɗa tasha. Abin da tashar ta ga dama shi za ka ji, ko labaran BBC ko shirin da hukuma ta tsara. Masani Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008. Abin lura shi ne, mai akwatin a gidansa yana iya rage murya ko ya kashe. Wanda yake zaune a bakin kasuwa kuwa ba shi da wannan. Matar da mijinta ya dasa sifika a silin ɗin ɗakinta, makunnin kuma yana cikin wayarsa, matsayinta ɗaya da na mutumin bakin kasuwar nan, alhali a ɗakinta take.

Su ma Turawan da suka ƙirƙiro kiɗan-ƙasa, wato kiɗan da ake saki ba don a saurara ba, da manufa suka yi. Wani janar na sojan Amurka, George Owen Squier, shi ya fito da dabarar aika kiɗa ta waya zuwa gine-gine, kuma a 1934 kamfanin ya ɗauki sunan Muzak. Otal-otal da kantuna da masana'antu suka riƙa saye, har kamfanin ya riƙa jera waƙoƙi kashi-kashi na minti 15, daga mai sanyi zuwa mai ɗan zafi, da nufin a zaburar da ma'aikaci ba tare da ya farga ba. Kafin su, a 1920 a birnin Faris, wani mawaƙin Faransa, Erik Satie, ya gwada abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki: kiɗan da zai zauna a ɗaki kamar kujera, ba mai kula shi. Da makaɗa suka fara, sai jama'a suka koma kujerunsu suka yi tsit suna saurare, shi kuma ya riƙa bin su yana roƙon su ci gaba da hirarsu. Ka ji fa! Kunnen ɗan Adam ya ƙi yarda cewa akwai sautin da ba ruwansa da shi.

Mu masu kallon fim mun fi kowa sanin wannan sirri. Me ya sa darakta yake sa fiyano a ƙarƙashin maganar jaruma lokacin da aka sake ta? Don ya gaya wa zuciyarka abin da za ta ji tun kafin hankalinka ya yanke hukunci. Tun zamanin Sangaya a 1999 fiyanon nan ya zauna daram a finafinanmu, kuma mun sha kuka a shafukan sharhi cewa wani lokaci kiɗan yakan danne maganar 'yan wasa har ba ka jin me ake cewa. Amma a fim da yardarka ka zauna, kuma in ya ƙare ka tashi. Ka tuna kuma cewa gwanayen daraktoci sun san inda ake janye kiɗa. A Sholay na 1975, wurin da 'yan fashi suka hallaka iyalin Thakur, abin da ya fi tsaya wa mai kallo a rai shi ne kukan lilo yana kaiwa da komowa cikin iska. Da an cika wurin da goge da ganga, da tsoron ya ragu. Daraktan ya bar mu mu ji da kunnenmu.

Yanzu mu koma Mabai. Duk wanda ya san yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san abin da mutanen wurin suka gani a hannun 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba, 2020, mahara a kan babura suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai. 344 aka sako bayan kwana shida. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun, aka yi watanni ba kira ba saƙo. A irin wannan hali, mene ne ya rage wa mutumin ƙauye ya san abin da ke tunkaro shi cikin dare? Kunnensa. Rurin babura daga nesa, haushin karnuka, motsin dabbobi a turke, ihun maƙwabci, ko shirun da ya yi yawa. Wanda ya ji da wuri yana iya tada iyalinsa. Minti biyu a nan ba abin wasa ba ne.

To ka ɗauki gidan da kiɗa ke kwarara daga silin tun magariba har barci ya kwashe mutane, ka ajiye shi a tsakiyar wannan gari. Maigidan ya toshe kunnen kansa, wannan ruwansa. Amma ya toshe na matansa da 'ya'yansa, kuma in sautin ya tsallake katanga ya rage wa maƙwabci jinsa. A ƙauye jin mutum ɗaya tsaron mutum goma ne. Shirun dare a irin wannan wuri kamar rijiyar unguwa yake: ba na kowa ba ne, kuma kowa na sha. Wanda ya zuba masa ƙazanta ba zai ce ai gugansa ne ba.

Na san wani zai ce, "Haba malam, mutanen da suka sha wannan wahala su ne za ka hana ɗan abin da zai sanyaya musu rai?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Mutumin da tsoro ya hana shi barci yana da haƙƙin ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa. Ƙasar Katsina ce ta haifi Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999. Ba wanda zai koya wa Bakatsine darajar waƙa. Sai dai Shata sauraronsa ake yi. A zauna, a yi shiru, a ji baiti, a yi dariya ko a girgiza kai, in kaset ya ƙare a tattauna. Rediyon da dattijo yake riƙewa a kunne a ƙofar gida, yana ganin sa, yana iya kashewa da yatsa ɗaya in ya ji wani motsi. Abin da nake tsoro shi ne sautin da ba a ganin inda yake fitowa, ba a san lokacin da ya fara ba, ba shi da ƙarshe, har kunne ya saba ya daina tantance komai.

Wani kuma zai ce shi ba waƙa zai sa ba, karatun Alƙur'ani ne da wa'azi. Madalla da niyya. Amma malamai sun sha faɗa mana cewa ladabin karatu shi ne a yi shiru a saurara. In ya zama ana sakin sa ta silin alhali ana ciniki a waya, yara na guje-guje, ana faɗa a kicin, to an mayar da shi kiɗan kayan ɗaki irin na Satie ke nan, kuma ya fi ƙarfin haka. Sannan ko da karatu ne, maras lafiyar da ke kwance da ciwon kai, da jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci, da yaron da ke bitar jarrabawa, haƙƙinsu bai faɗi ba.

Ka duba cikin gida da kyau, mai karatu. Gidan Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai uwargida, akwai amarya, akwai tsohuwa a ɗakinta da carbinta, akwai yarinyar da ke aiki wadda ba ta da bakin cewa a rage. In amarya ce ta zaɓi waƙa, kuma waƙar ta habaici ce, ta bi ta silin ta sauka a kan gadon uwargida, kai ma ka san abin da za a kwana ana yi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba sai ka ja wa saɓanin waya ba. Wanda ke riƙe da makunni shi ke riƙe da kunnuwan gidan, kuma mulki irin wannan, da yake ba ya barin tabo a jiki, mai yin sa ba ya ma sanin yana yi.

Ban ce kada ka dasa ba. In Allah Ya hore maka, kuma ranka na so, ga sharuɗɗan da nake ganin adalci ya ɗora maka. Kowane ɗaki a sa masa makunninsa a bango, inda mai ɗakin zai kai hannu ya rage ko ya kashe ba sai ya nemi izini ba. A sa wa kowace sifika akwati a bayanta, a kuma kai bangon tsakani har sama, don sautin ya tsaya inda aka nufa. Kada a dasa a bangon da ka haɗa da maƙwabci, kada a fitar da ita tsakar gida. Ɗakin tsohuwa da na yara a bar su yadda suke. A tsayar da lokaci: daga isha'i a kashe, dare mahutar bawa ne. Kafin a kira mai wayarin kuma, a tara mutanen gidan a tambaye su, har da wadda ba a saba tambaya ba. In ta ce ba ta so a ɗakinta, an gama magana.

Kuɗin bututu da waya da amfilifaya, mai shago zai gaya maka. Abin da ba ya cikin rasit shi ne barcin wani, da natsuwar wani, da kuma, a gari irin Mabai, wannan ɗan lokacin da ke tsakanin jin rurin babur da isowarsa ƙofar gida. Waɗannan ba naka ba ne balle ka kashe su a kan kwalliya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa daren da za su kwanta ba tare da sun kasa kunne ba.