Van Gogh a Hasken Majigi: Zane ne ko Inuwarsa?

A shekarar 2018 aka buɗe wani zaure a birnin Paris mai suna Atelier des Lumières, cikin wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe. Ba a rataye zane ko ɗaya a bangonsa ba. Majigi 140 ne ke haska hotunan zane-zane a bango da daɓe, kiɗa na tashi, masu kallo na yawo a tsakiyar launuka. Da aikin Gustav Klimt aka fara, a 2019 aka koma kan Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holand da ya rasu a 1890. Daga baya irin wannan nuni ya bazu a manyan biranen Turai da Amurka da Asiya, kuma Van Gogh ya fi kowa jan kasuwa: sunansa sananne ne, ayyukansa kuma sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka.

Tambayar da masu falsafa ke yi ita ce: wanda ya fito daga zauren ya ce ya ga Van Gogh, me ya gani?

Aflatun, malamin Girka, ya ɗauki zane a matsayin kwaikwayon kwaikwayo. Akwai haƙiƙar gado, akwai gadon da kafinta ya haɗa, sannan gadon da mai zane ya zana. A wannan lissafi hasken majigi ya ƙara nisa da taki ɗaya. Sai dai wannan ra'ayi ya riga ya raina zanen kansa, don haka ba ya raba gardama.

Bayanin Nelson Goodman na Amurka, a 1968, ya fi shiga cikin zancen. Ya raba ayyukan fasaha gida biyu. Akwai wanda kwafi ba ya rage masa komai, kamar littafi. Ahalari, ko almajiri ya kwafe shi da alƙalami da tawada ko an buga shi a maɗaba'a, Ahalari ne, muddin baƙi da wasali sun cika. Zane kuwa jikinsa shi ne shi. Zanen dare mai taurari da Van Gogh ya yi a watan Yuni na 1889, yana jinya a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy, ƙyalle ne guda, faɗinsa santimita 92, tsawonsa 74, yana ajiye a wani gidan adana zane-zane a New York. Fentinsa mai kauri ne, har ya yi tudu da kwari inda buroshi ya bi. Majigi na iya ɗauko launin, amma ba ya ɗauko kaurin.

Walter Benjamin na Jamus ya rubuta a 1935 cewa abin da kwafin inji ke kashewa shi ne kwarjinin asali, wato kasancewarsa ɗaya tilo a wuri ɗaya, ɗauke da tarihin hannayen da suka riƙe shi. Abin mamaki, zauren majigi na neman aron wannan kwarjini: sai an yi tattaki, an yanki tikiti, an shiga duhu.

Amma babbar asarar a wajen lokaci take. A gaban zane, mai kallo ne ke da iko. Zai iya tsayawa minti biyu ko sa'a guda, ya matsa, ya ja baya, idonsa ya koma kan kusurwar da ya so. A zauren majigi wani ne ya riga ya yanke masa abin da zai gani da daɗewar da zai yi yana gani, kiɗa kuma ya faɗa masa yadda zai ji. Taurari na juyawa, hankaki na tashi daga gonar alkama ta wani zanen nasa. Gwanintar Van Gogh kuwa ita ce ya sa busasshen fenti, wanda ba ya motsi, ya zama kamar yana motsi a idon mutum. Idan na'ura ta juya taurarin da gaske, ta ɗauke wa ido aikin da mai zanen ya bar masa. Haka gefen ƙyalle: inda zane ya tsaya hukuncin mai zane ne, bango da daɓe kuwa ba su san iyaka ba.

Masu kare nunin na da hujja. Ba kowa ke da halin zuwa New York ko Amsterdam don ganin ainihin zanen Van Gogh ba, yara ba sa gajiya a ciki, kuma idan an faɗaɗa hoto sawun buroshi na fitowa yadda ido ba zai kama shi ba a cikin cunkoson gidan tarihi. Duk wannan gaskiya ne, sai dai yana nuna cewa abin da ke zauren sabon aiki ne da aka gina da kayan Van Gogh. Yana da nasa masu tsarawa, irin su Gianfranco Iannuzzi ɗan Italiya da abokan aikinsa, waɗanda suka zaɓi zanen da zai biyo wani da kiɗan da zai raka shi. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙofar shiga dai na Van Gogh ne.